Ambulan Ɗari Uku

Ofishinmu yana hawa na biyu, tagarsa na kallon dogon yaro.
Ranar Sakkwato ta zauna bisa kwano kamar mai bin bashi.
Alhaji Sahabi ya dire kwali a teburina:
"Hassi, ambulan ɗari uku, na 'yan fansho.
Su fita kafin la'asar."

Na dubi injin,
injin ya dube ni da jan idonsa guda.

Farar takarda ba ta ba shi wuya,
zazzago ta yake kamar shinkafa daga buhu.
Amma miƙa masa ambulan ka sha kallo:
ya yi tsaki, ya yi gyaran murya,
ya ja ta ciki kamar marar haƙori ya samu ganda,
ya tsaya, ya huce, ya sake shawara,
sannan ya tofo ta da zafi, a yamutse,
bakinta a liƙe tun ba a sa mata wasiƙa ba.

Na auna da carbina:
kowace ɗaya, salati ashirin.

Cika mai gyara ya zo daga Rijiyar Ɗorowa,
sukundireba a bayan kunne, gumi har ƙeya.
Ya buɗe ciki, ya leƙa, ya hura, ya yi dariya.
"Wanga ba ciwo garai ba.
Jaki na, kun aza mai kayan raƙumi.
Hanyar cikinai lanƙwasa ta, ambulan ko kauri gare ta,
wutatai na narka gam, shi ya sa yaka jinkiri.
Ku biɗi mai ƙofar baya, inda takarda ka wucewa miƙe,
mai aljihun ambulan nashi na kanshi.
Ku tai shago da taku ambulan, a gwada gabanku.
Kak ku sayi abin da kwali ya faɗi."

Alhaji ya sosa ƙeya.
Shi ya zaɓo shi bara, don a kwalin an rubuta
shafi arba'in a minti.
Ba wanda ya tambaya: shafin me?

Azahar ta wuce, wuta ta tafi, janareto ya karɓa.
Ina ciyar da injin ɗaya-ɗaya, kamar ɗan tsako,
tun da jira ya zama dole
sai na shiga karanta abin da yake tofowa.

Modi Ɗangaladima, Gagi, direban motar asibiti.
Inno Magaji, Mabera, mai shara.
Sidi Arzika, Runjin Sambo, mai karanta mitar ruwa.
Ta tamanin da huɗu ta fito da zafinta a tafina:
Malama Kulu Ladan, Gidan Igwai.

Ita ta riƙe hannuna a aji ɗaya
har na iya lanƙwasa wutsiyar ƙa.
Ban san tana layin nan ba.
Shekara nawa tana jiran wannan 'yar takarda,
ni ina ƙorafin salati ashirin?

Na goge tata da gefen mayafi, na miƙar da kusurwar.
Ba su fita da la'asar ba.
Sai bayan isha'i na kashe fitila, yatsuna na warin gam.

Wata biyu, sabon inji ya iso,
an gwada shi a shago, yadda Cika ya ce.
Ƙofar baya, aljihu mai cin saba'in.
Ɗari uku kafin shayina ya huce,
sumul, ba ƙuna, ba liƙewa.
Alhaji har da tafi.

Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Sai dai sunayen yanzu wucewa suke
kamar fuskokin fasinja a motar Illela.
Don haka in ya gama, nakan ja ƙofa,
in ɗauki damin,
in bi su ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa.